Medok: Ƙasar Tsakuwa Inda Suna Ya Fi Gona Tsada

Duk wanda ya taɓa leƙa manyan kantunan Turawa na Yamai, ko ya taɓa bin takardun duwan na kayan da ke fitowa Faransa, ya san sunan Bordo, ko da kuwa kwalbar ba ta taɓa zuwa kusa da bakinsa ba. Galibin masu karanta wannan shafi addini ya raba su da abin da ke cikinta. Amma labarin ƙasar da ake noman inabin labari ne na gona da ruwan sama, na dillali da la'ada, na hatimin hukuma da shari'a a gaban alƙali, kuma babu ɗan kasuwa ko ma'aikacin da zai ji shi baƙo a kunnensa. A shekarar 2023, hekta guda ta gonar inabi a ƙauyen Pauillac ta kai kusan yuro miliyan 3, wato kusan sefa miliyar 2. A shekarar nan dai, cikin jaha guda, hekta ta inabin da ba shi da wani suna sai "Bordo" kawai ba ta kai yuro 10,000 ba. Tsakaninsu tafiyar awa guda ce a mota.

Birnin Bordo yana kudu maso yammacin Faransa, a bakin kogin Garon. Gaba kaɗan da birnin, Garon ya haɗu da ɗan'uwansa Dordon, su biyun suka zama wani makeken ruwa mai suna Jirond, wanda ke tafiyar kilomita 75 kafin ya faɗa tekun Atlantika, faɗinsa kuwa a wani wurin ya kai kilomita 12. Ruwa ne ja-ja mai laka, yana cika yana janyewa sau biyu a yini bisa numfashin teku. Tsakanin wannan ruwa da tekun kanta akwai wani tsinin ƙasa mai tsawon kilomita 80, kamar bakin mashi da ya dubi arewa. Shi ne Medok.

Matafiyin da ya fita Bordo ta hanyar da ake kira D2 yana tsammanin ganin duwatsu da kwazazzabai, zai sha mamaki. Ƙasar shimfiɗe take kamar faifai. Tudun da ya fi ko'ina tsawo da kyar ya wuce mita 40. Gonakin inabin ma ba su cinye ƙasar ba: siririn zare ne na ƴan kilomitoci da ya bi gaɓar Jirond, kimanin hekta 16,000 kafin tumɓuke-tumɓuken shekarun nan. Daga yamma da zaren, har zuwa bakin teku, ba komi sai daji.

Dajin nan ba na Allah-tsiro ba ne, hannu ya dasa shi. A da iskar teku tana turo tuddan rairayi cikin ƙasa, suna binne gonaki har da majami'u. Wajen ƙarshen shekarun 1780 wani injiniyan gwamnati, Nicolas Brémontier, ya fara kafe tuddan da shinge da shukar itacen da Faransawa ke kira "pin". Mutanen Gure da Maine-Sorowa sun san irin wannan yaƙi da rairayi, ba sai an yi musu bayani ba. A 1857 Napoleyon na Uku ya kafa dokar da ta tilasta wa ƙauyuka su janye ruwan fadamu su dasa itace, har dajin ya kusa hekta miliyan guda. Yau shi ne garkuwar inabi: yana tare iska mai gishiri da guguwar yamma. Ta gabas kuma ruwan Jirond yana rage zafin bazara, yana karya kaifin sanyi. Shi ya sa mutanen wurin ke cewa inabin kirki shi ne wanda ke hangen kogi.

Ita kanta gonar sabuwa ce idan aka auna ta da tarihin birnin. Tun 1152, da Aliyeno, magajiyar ƙasar Akiten, ta auri Hanri wanda ya zama sarkin Ingila bayan shekara 2, Bordo ta shiga hannun Ingilishi, ta zauna har 1453, jiragen ruwa na jigilar giya zuwa Landan da ɗaruruwa. Amma a duk tsawon zamanin nan Medok fadama ce ta zazzaɓi da makiyayan tumaki. Sai a ƙarni na 17 aka kira gwanayen Holan, waɗanda suka saba ƙwatar ƙasa daga bakin ruwa, suka haƙa magudanai, ruwa ya janye. Abin da ya fito fili shi ne jerin ƴan tuddai na tsakuwa, wadda koguna suka gangaro da ita daga duwatsun Pirene da na tsakiyar Faransa tun dubban shekaru.

Manomin gero da zai ga ƙasar nan, ko kyauta aka ba shi sai ya yi tunani. Fara ce fat da tsakuwa, wata kamar ƙwan zabo, wata kamar na kaza, ba ta riƙe ruwa, ba ta da ƙarfi. To, talaucin nata shi ne arzikinta. Ruwan sama a Bordo yana kai milimita 900 a shekara, kusan ninki biyu na abin da Maraɗi ke samu, inabi kuwa ba ya son ƙafarsa cikin ruwa. Tsakuwar tana tsiyaye ruwan nan da nan, ta sha zafin rana da yini ta mayar wa itacen da dare, ta kuma tilasta wa saiwa nutsawa ƙasa neman abinci. Itacen da ya sha wuya ƴaƴansa kaɗan ne, ƙanana, masu kaurin fata. Su ake nema.

Sarkin wannan tsakuwa shi ne irin da ake kira Cabernet Sauvignon. Yana jinkirin nuna, sai ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, giyarsa tana da ɗaci da kaushi tun tana sabuwa, amma tana iya shekara 30 ko 40 cikin kwalba tana ƙara daraja. An daɗe ana gardamar asalinsa, sai a 1997 masu bincike na jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna cewa barbara ce tsakanin baƙin iri Cabernet Franc da farin iri Sauvignon Blanc. Abokin tafiyarsa shi ne Merlot, wanda aka ce sunansa daga wani baƙin tsuntsu mai son ƴaƴansa ya fito. Shi yana son ƙasa mai yumɓu da sanyi, yana riga nuna da mako biyu ko makamancin haka, kuma idan aka ɗauki yankin Bordo gaba ɗaya shi ne kusan kashi 2 cikin 3 na baƙin inabi. Akwai Petit Verdot da ake sawa kaɗan kamar yaji a miya, da Malbec wanda ya fi samun gida a Ajantina. Carménère kuwa an ɗauka ya kusa ɓacewa, sai a 1994 aka gano shi cike da gonakin Cile, inda aka shekara fiye da 100 ana kiran shi Merlot bisa kuskure.

Ba kasafai ake samun gonar iri ɗaya a Medok ba, kuma dalilin ba na ɗanɗano kaɗai ba ne. Yadda manomin Damagaram ke haɗa gero da dawa da wake a gona guda don kada damina ta ci shi da yaƙi gaba ɗaya, haka na Medok yake: idan sanyin Afrilu ya ƙone Merlot mai saurin toho, Cabernet na nan, idan ruwan Oktoba ya ruɓar da Cabernet, Merlot ya riga ya shiga gida. Bayan an matse kowane daban, sai a zauna a auna, a gauraya.

Bala'i kuwa sun gan shi iri-iri. Wajen ƙarshen shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, wanda ya zo daga Amurka, ya shiga yankin ya yi ta kashe gonaki. Magani bai samu ba sai da aka koma ga ƙasar da cutar ta fito: aka ɗauko saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron ba ya iya wa, aka yi mata aure da reshen inabin Faransa, kamar yadda masu lambu ke yi wa mangwaro. Har yau kusan kowane itace a Medok kansa Bafaranshe ne, ƙafarsa Ba'amurkiya. Ana cikin haka sai ga wata cuta mai sa ganye furfura ya zube. A 1882 wani malamin jami'ar Bordo, Alexis Millardet, yana wucewa ta ƙauyen Saint-Julien, ya lura cewa layukan da ke bakin hanya lafiyarsu lau, alhali na ciki sun kaɗe. Ashe masu gona ne suka watsa musu wani shuɗin magani na tagulla da aka dama da farar ƙasa, don masu wucewa su ji tsoro su bar tsinkar inabi. Maganin ɓarayi ya zama maganin cuta. A 1885 ya bayyana shi ga duniya, kuma har yau ana fesa shi ga tumatir da dankali da sunan kunun Bordo.

Sai dai duk wannan bai isa ya bayyana tazarar farashin nan ba. Asirin yana can birni, a unguwar Chartrons da ke bakin kogi. Nan baƙin fatake suka yi sansani tun ƙarni na 17 da na 18: mutanen Holan, Jamusawa, Ingilishi, ƴan Ailan irin su Barton, wanda ya iso a 1725, da Lawton, wanda ya buɗe gidan dillanci wajen 1739. Tsarin da suka kafa ƙafa uku gare shi. Mai gona ba ya sayarwa kai tsaye. Babban ɗan kasuwa ne ke saye ya kai duniya. Tsakaninsu akwai dillali, wanda ya san kowace gona da kowace kaka, yana ɗaukar la'adar kashi 2 cikin 100. Ma'aunin cinikin shi ne "tonneau", lita 900, wato ganga 4 ta itace mai lita 225, kowace ganga kwalba 300. Kalmar ce dai ta zama "tano" a bakin Hausawan Nijar.

Ba a faɗin arzikin wannan gaɓa a tsallake inda wani kasonsa ya fito. Daga 1672 zuwa 1837 jirage kusan 500 sun tashi daga Bordo don fataucin bayi, suka kwashi ƴan Afirka fiye da 120,000 zuwa tsibiran Amurka; sukari da kofi na gumin bayin nan sun gina da yawa daga cikin kyawawan gidajen dutsen da masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto yau. Bayan bayi sai gyaɗa: gidajen kasuwancin Bordo irin su Maurel et Prom, wanda aka kafa a 1831, su ne suka riƙe cinikinta a Senegal, suna matse mai a bakin Garon.

A 1855 Napoleyon na Uku ya shirya babban baje-kolin duniya a Paris, aka bukaci Bordo ta kawo giyarta a jere bisa daraja. Majalisar ƴan kasuwa ta miƙa aikin ga ƙungiyar dillalai. Su kuwa ba su tsaya ɗanɗane-ɗanɗane ba: littattafan ciniki suka buɗe, suka duba wace gona ce ta fi tsada cikin shekaru masu yawa, cikin mako biyu suka miƙa takarda ranar 18 ga Afrilu. Aji biyar suka yi. A na farko gida huɗu: Lafite da Latour na Pauillac, Château Margaux, sai Haut-Brion, wanda shi kaɗai ne ba na Medok ba, yana Pessac a gefen birni. Takardar baje-koli guda ce, ba wanda ya ce za ta dawwama. Ga shi ta wuce shekara 170, gidaje 61 ke cikinta, kuma in ban da wani gida da aka ƙara tun a farko, sau ɗaya tak aka taɓa ta. Baron Philippe de Rothschild, mai gidan Mouton, wanda tun 1924 ya ƙi bari ƴan kasuwa su ɗura masa giya a kwalba ya ce a gidansa za a yi, ya shafe shekaru yana bin ofis-ofis, sai a 1973 aka ɗaga shi daga aji na biyu zuwa na farko. Ministan noman da ya sa hannu shi ne Jak Shirak.

Ga inda ɗan kasuwa zai gyara zama. Darajar 1855 ba a jikin ƙasa take ba, a jikin suna take. Gidan da ke cikin jerin yana iya sayen gonar maƙwabcinsa marar suna, muddin cikin iyakar ƙauyen take, daga kaka mai zuwa inabinta ya shiga babbar kwalba, farashinsa ya ninka sau da yawa. Tsakuwar ita ce ta jiya, itacen shi ne na jiya. Takardar da aka manna ce ta sake. Shi ya sa gonakin manya ke ta faɗi, na ƙanana na ta shiga cikinsu. Shi ya sa kuma masu su yau ba manoma ba ne: wani ma'aikacin banki Ba'amurke, Clarence Dillon, ya sayi Haut-Brion a 1935, Bagirke André Mentzelopoulos ya sayi Margaux a 1977, kamfanin Suntory na Japan ya ɗauki Lagrange a 1983, kamfanin inshora AXA ya ɗauki Pichon Baron a 1987, attajiri François Pinault ya ɗauki Latour a 1993. Kowane watan Afrilu masu saye na duniya suna taruwa su ɗanɗana giyar da ba ta gama nuna a ganga ba, su biya kuɗi, su jira kaya har kusan shekara 2. Mai suna ne kaɗai ke cin kuɗin abin da bai fita magaza ba.

Hukuma ma ta sa nata shinge. Dokar 1935, wadda ɗan majalisar dattawa na jahar, Joseph Capus, ya tsaya mata, ita ta kafa tsarin kare sunan asali: an shata iyakar kowane yanki, an faɗi irin da za a shuka da iyakar abin da hekta za ta bayar, wanda ya saɓa ba shi da ikon rubuta sunan. Medok na da irin waɗannan sunaye 8: Médoc da Haut-Médoc masu faɗi, sai ƙauyukan Margaux, Moulis, Listrac, Saint-Julien, Pauillac da Saint-Estèphe. Mai albasar Galmi da ya taɓa ganin an zuba wata albasa a buhu an kira ta da sunan garinsa ya san amfanin irin wannan doka. Ƙarƙashin manyan gidajen akwai wani aji da ake kira "cru bourgeois", wanda jerinsa na 2003 ya jawo ƙara har kotu ta soke shi a 2007. Ƙarƙashinsu kuma ɗaruruwan ƙananan manoma masu kai inabinsu kwaperatif.

Da an wuce Saint-Estèphe aka nufi arewa, sai hasumiyoyi da ƙofofin ƙarfe su ƙare. Ƙauyukan sun yi shiru, tagogi a rufe. Tun 2011 ofishin ƙididdiga na Faransa ya nuna cewa akwai wani zirin talauci da ya taso daga tsinin Medok ya bi ta ƙasar inabi har wajen Agen. Aikin gonar, daga sassabe cikin sanyin Janairu har tsinka a kaka, yawancinsa ƴan ƙodago ne ke yi, daga Maroko, Romaniya, Bulgeriya da Sipaniya, ta hannun ƴan kwangila.

Kasuwar ce ta juya baya. Bafaranshen 1960 yana shan lita 120 a shekara bisa matsakaicin lissafi. Na shekarun 2020 kusan 40, kuma matasa sun fi karkata ga fara da ta sha'ir, alhali Bordo ja ta fi yi. Na ɗan lokaci Sin ta rufe ɓarakar: wajen 2011 ta zama babbar mai saye, attajiranta suka sayi gidaje fiye da 150 a yankin. Da cinikin ya ja baya, da yawa suka koma neman mai saye. Aka kai ga sayar da lita 900 ƙasa da yuro 1,000, kuɗin da bai mayar da abin da aka kashe ba, kwalba na zama a kanti ƙasa da yuro 3, alhali ta aji na farko tana cin ɗaruruwa. A Fabrairun 2024 kotun kasuwanci ta Bordo ta umarci wasu manyan kamfanoni biyu su biya wani manomin Medok diyyar fiye da yuro 350,000 saboda sun saye masa giya a farashin wulaƙanci. Mutanen Maraɗi da suka ga yadda gyaɗa ta tashi da gari ta kuma sake shi a shekarun 1970 ba za su rasa gane yanayin ba.

Sama ma ta sake hali. Sanyin Afrilun 2017 ya cinye kusan kashi 40 cikin 100 na amfanin shekarar. A bazarar 2022 wuta ta ci kimanin hekta 30,000 na dajin jahar, har da wani yanki na Medok cikin Satumba. Zafi yana sa Merlot nuna da wuri fiye da kima, har a 2021 hukuma ta yarda a gwada sababbin iri 6, ciki da Touriga Nacional na Fotugal, bisa sharaɗin kada su wuce kashi 5 cikin 100 na gona. Can kusa da tsinin, a Soulac, wani dogon gini mai suna Le Signal da aka yi a 1967, mita 200 daga ruwa, teku ta matso har gindinsa. Aka kwashe mazauna a 2014, aka rushe shi a 2023.

Ranar 6 ga Disamban 2022 manoman inabi suka cika titunan Bordo. Ba ƙarin farashi suka fito nema ba. Kuɗin tumɓuke gonakinsu suke roƙo. A 2023 gwamnati da ƙungiyar masu sana'ar suka amince da yuro 6,000 ga kowace hekta, kusan sefa miliyan 4, da nufin cire hekta 9,500. A 2024 faɗin gonakin yankin ya faɗi ƙasa da hekta 100,000, bayan ya haura 120,000 a farkon shekarun 2000. Mafi yawan tumɓukar an yi ta ne a hayin kogi, tsakanin Garon da Dordon, amma arewacin Medok ma bai tsira ba. A bakin hanya ana ganin kututture tsibi-tsibi da tarin waya da turaku, suna jiran wuta. Wasu sun koma gwada zaitun, wasu kiwo. Wanda ya karɓi kason gwamnati kuwa ya sa hannu cewa ƙasar za ta zama daji ko saura, ba zai noma ta ba har shekara 20.